Waƙoƙin da Suka Ƙi Shiga Waya: Nazarin Wata Matsalar Daidaita iPhone da Kwamfuta

A ƙarshen hunturun bara wani dattijo, malamin firamare da ya yi ritaya, ya zo shagona tare da jikansa, suna ɗauke da wayar iPhone 11 mai ɗaukar gigabayit 64, da kwamfutar tafi-da-gidanka mai aiki da Windows 10, da kuma faifan ajiya na waje wanda ya naɗe cikin ƙyalle kamar yadda ake naɗe littafi mai daraja. Bayan mun gaisa ya ce da ni, "Ɗana, wata huɗu ke nan waƙoƙina sun ƙi shiga wayar nan, kuma duk wanda muka je wurinsa sai ya ce a goge komai a fara daga farko." Na ce, "Malam, kafin a goge ko da waƙa ɗaya, ina so ka ba ni labarin kayan nan tun daga tushe." Aikin ya ɗauke mu kwana uku, kuma na ga ya cancanci a rubuta shi daki-daki, domin abin da suka kawo a matsayin matsala guda ya zamana matsaloli ne da dama da suka hau kan juna, kowace tana rufe wadda ke ƙarƙashinta.

Malam ya shafe fiye da shekara talatin yana tara kaset-kaset na waƙoƙin fada da na noma da na dambe, kuma a 'yan shekarun baya ya sa aka juye masa kusan guda ɗari cikin kwamfuta a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. A kan waɗannan ya ƙara waƙoƙin MP3 da yake saye wurin masu tura waƙa a kasuwa, da wasu da abokansa ke aiko masa ta WhatsApp. Wanda ya fara haɗa masa wayar da kwamfutar ya yi aikin da kyau, har aka daɗe ba a ga wata tangarɗa ba. Daga baya kwamfutar ta ƙi tashi, wani mai gyara ya goge ta ya sake ɗora mata Windows, jikan kuma ya sake sauke iTunes, manhajar da ke tura waƙa daga kwamfuta zuwa iPhone, ya jawo jakunkunan waƙoƙin daga faifan waje ya zuba a ciki. Tun daga ranar ba a ƙara samun waƙa ta ƙetare zuwa wayar ba.

Duk abin da ya biyo baya ya rataya ne a kan fahimtar yadda iTunes ke riƙe waƙoƙi, don haka zan ɗan tsaya a nan. Manhajar, wadda kamfanin Apple ya fitar tun 2001, tana ajiye wani kundi mai suna iTunes Library.itl, kuma wannan kundi yana kama da littafin mai sito: yana rubuta sunan kowace waƙa da mawaƙinta da tsawonta da kuma adireshin inda fayil ɗinta yake a cikin faifai, amma ita waƙar kanta tana can inda aka ajiye ta. Mai sito zai iya riƙe littafinsa cikakke alhali an kwashe buhunan zuwa wani ɗaki. Abu na biyu shi ne daidaitawar waƙa ta kebul hanya ɗaya take bi, daga kwamfuta zuwa waya, kuma wayar tana ɗaure ne da kundi guda a lokaci guda. Idan ta haɗu da sabon kundi, ko da a cikin tsohuwar kwamfutarta ne, ɗaukarsa take yi a matsayin baƙo.

Da na jona wayar da kebul ɗin da suka zo da shi, sai ta nuna tana caji, amma kwamfutar ba ta ko motsa ba. Bakin USB na yau da kullum yana da layuka huɗu, biyu na wuta biyu na bayanai, kuma a kasuwa akwai kebul masu arha da yawa waɗanda layukan wutarsu kaɗai ke aiki. Irin wannan kebul zai cika batir, amma ba zai ɗauki ko harafi ɗaya ba. Jikan ya tabbatar mini cewa na asali ya ɓace, wannan a bakin titi aka saye shi. Na canza kebul, na kuma duba ramin cajin wayar da tocila na tarar da ƙurar hunturu da zaren aljihu sun dunƙule a ciki, na kashe wayar na fitar da su a hankali da tsinken sakace. Nan take wayar ta fito da tambayar nan da iPhone ke yi tun 2013, ko ta amince da wannan kwamfutar, Malam ya shigar da lambar sirrinsa, alamar wayar ta bayyana a cikin iTunes. Na kuma leƙa saitin waƙoƙi na wayar na tabbatar ba a kunna zaɓin daidaita tarin waƙoƙi ta intanet ba, wanda masu biyan kuɗin Apple Music ke samu, domin muddin yana kunne iTunes ba ta tura waƙa ta kebul. A kashe yake, sai muka wuce.

Daga nan ne muka iso wurin da ya fi kowane haɗari. Da na taɓa zaɓin daidaita waƙoƙi, saƙo ya fito yana cewa wannan waya tana ɗaure da wani kundi dabam, yana tambaya ko a goge abin da ke cikinta a maye shi da na wannan kundin. Wannan ne saƙon da masu gyaran baya suka gani suka ce a danna. Jikan ma ya ce, "Ai na yi wa wayar ajiyar kariya a kwamfuta, ko an goge za mu dawo da su." Sai da na nuna masa cewa ajiyar kariyar da iTunes ke yi wa waya ba ta ɗaukar waƙoƙin da aka tura daga kwamfuta, saboda tsarin yana ɗauka cewa asalinsu na nan a kwamfutar. Haka kuma iTunes ba ta kwaso waƙa daga waya zuwa kwamfuta sai wadda aka saya a shagonta. Saboda haka tambayar da ta kamata a amsa kafin a danna komai ita ce: shin duk abin da ke cikin wayar yana cikin faifan waje?

Mun zauna da Malam muka kwatanta jerin wayar da jakunkunan faifan, kuma amsar ita ce a'a. Kaset goma sha huɗu na ƙarshe da aka juye masa an ajiye su ne a cikin kwamfutar kanta, ba a taɓa kwafe su zuwa faifan waje ba, don haka sun tafi ranar da aka goge Windows. Shida daga cikinsu aro ya yi wurin wani abokinsa da ya rasu, kuma kaset ɗin sun koma gidan mamacin tun tuni. Kwafin da ya rage a hannunsa shi ne wanda ke cikin wayar. Da an danna amincewa da wancan saƙo wata huɗu da suka wuce, da shi ke nan. Ban ga laifin saƙon ba, domin ya faɗi abin da zai yi ƙarara; abin da ke damuna shi ne yadda mu masu gyara muka saba danna irinsa ba tare da mun tambayi mai kayan abin da zai rasa ba.

Akwai wata asara ta biyu wadda ba ta fito fili ba sai da na dubi sabon kundin. Duk waƙoƙin kaset sun bayyana da sunaye irin su lamba ɗaya, lamba biyu, gefen farko, gefen biyu, babu sunan mawaƙi, babu take. Malam ya ce ya shafe watanni yana rubuta sunayen da hannunsa. Dalili kuwa shi ne iTunes ba ta rubuta irin waɗannan bayanai a cikin fayil ɗin WAV, a cikin kundinta kaɗai take ajiye su, kuma tsohon kundin ya tafi tare da tsohon Windows. Ashe wayar ce kaɗai ta rage da sunayen, baya ga waƙoƙin da suka ɓata.

Ranar farko gaba ɗayanta a ceto ta tafi. A cikin iPhone, waƙoƙin da aka tura ana ajiye su ne a wasu jakunkuna masu lamba, da sunaye na haruffa huɗu marasa ma'ana, sai wani kundi na cikin wayar ke haɗa kowane fayil da sunansa na gaskiya. Akwai manhajojin wasu kamfanoni da ke iya karanta wannan kundi su kwaso waƙoƙin zuwa kwamfuta da sunayensu, kuma da ɗaya daga cikinsu na kwashe komai zuwa wata sabuwar jaka, na fitar da jerin sunaye da tsawon kowace waƙa, na yi kwafi biyu, ɗaya a faifan Malam ɗaya a nawa. Na gaya masa gaskiya cewa abin da muka ceto bai kai ingancin wanda ya ɓata ba, saboda wanda ya fara saita masa wayar ya zaɓi a riƙa matse waƙoƙin zuwa AAC mai kilobit 128 yayin turawa. Muryar na nan, kiɗan na nan, kuma ga sautin da ya fito daga tsohon kaset bambancin kaɗan ne a kunne, amma ba na son ya tafi da zaton cewa asalin ne ya dawo.

Washegari da na buɗe iTunes, sai na ga alamar motsin rai a gefen kusan kowace waƙa, wato manhajar ta je adireshin da ke rubuce ba ta tarar da fayil ba. Faifan kuwa yana jone, waƙoƙin suna ciki. Windows yana ba kowane faifai harafi, kuma ranar da jikan ya zuba waƙoƙin faifan yana ɗauke da harafin E, don haka duk adireshin da kundin ya rubuta da E ya fara. A Windows, iTunes ba ta kwafe fayil zuwa jakarta idan an ƙara shi sai an umarce ta, nuni kawai take yi zuwa inda yake. To a wannan safiya na riga na soka filas ɗina kafin faifan Malam, filas ɗin ya ɗauki E, faifan ya koma F. Jikan ya ce haka yake faruwa a gida, wata rana waƙoƙin su yi wata rana su ƙi, bai taɓa danganta hakan da filas ɗin makarantarsa ba. Na cire filas, na shiga sashen sarrafa faifai na Windows na mayar wa faifan harafinsa, na rufe iTunes na sake buɗewa, alamomin suka gushe.

Sai a lokacin, da kwafi biyu a hannu, na amince da saƙon gogewa. Turawar ta fara, ta yi nisa kaɗan, ta tsaya da kuskure mai lamba -54. Wannan lamba tana fitowa ne galibi idan manhajar ta kasa taɓa wani fayil, ko don an kulle shi, ko don izinin karanta shi na wani asusu ne dabam, ko don manhajar riga-kafin ƙwayar cuta ta riƙe shi. A wayar kuma wasu waƙoƙi suka bayyana dishi-dishi, ba sa kunnuwa, alamar sunan ya iso amma sautin bai ƙarasa ba. Da na duba jakunkunan faifan na tarar da wasu suna ɗauke da izinin tsohon asusun Windows da aka goge, wasu kuma an yi musu alamar karatu kawai. Maimakon in bi su ɗaya-ɗaya, na zaɓi hanyar da za ta kashe wannan matsala tare da ta harafin faifai: na umarci iTunes ta tattaro dukkan fayilolin zuwa jakarta da ke cikin kwamfutar. Wannan umarni kwafi yake yi, ba ya taɓa na asali, saboda haka faifan waje ya koma ma'ajiyar kariya, kundin kuma ya daina dogaro da abin da ake sokawa ana cirewa. 'Yan jakunkunan da suka ƙi kwafuwa na karɓi mallakarsu da sabon asusun na sake gwadawa, suka bi.

Duk da haka turawar ta sake tsayawa, kuma a nan haƙuri kawai ya yi aiki. Na daina tura komai a lokaci guda, na kasa waƙoƙin jeri-jeri ina turawa, har na gano jerin da ke tsayar da aikin, na raba shi biyu, na sake raba rabin da ya ƙi, har na isa ga fayil guda. Tsawonsa a rubuce minti arba'in ne, amma girmansa bai kai na waƙar minti uku ba. Da alama an ɗauke wuta ko an zare faifan ana tsakiyar kwafe shi. Na cire shi daga kundin, kuma da yake cikakkiyar waƙar tana cikin abin da muka ceto daga wayar, na maye gurbinsa da ita.

Batun wuri ya biyo baya, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. WAV mai ingancin faifan CD yana cin fiye da megabayit 10 a kowane minti, wato kaset ɗin minti 60 yana kai kimanin megabayit 635, kuma kaset ɗari irinsa sun zarce gigabayit 60. Wayar gigabayit 64 ce, ga tsarin aikinta da hotuna da WhatsApp sun riga sun ci nasu. Sabon kundin bai san da zaɓin matsewa da tsohon ke amfani da shi ba, shi ya sa sandar da ke nuna wuri ta cika ta yi gargaɗi. Na kunna zaɓin na sa shi a kilobit 128, wanda ke mayar da kaset ɗin minti 60 ƙasa da megabayit 60, yana kuma barin asalin a kwamfuta yadda yake. Domin kada sunayen su sake ɓata, na juya fayilolin WAV zuwa Apple Lossless, tsarin da ke rage girma ba tare da zubar da komai na sautin ba, kuma yake riƙe suna da mawaƙi a cikin fayil ɗin kansa. Jikan ya zauna da jerin da muka fitar daga wayar yana haɗa kowane suna da fayil ɗinsa ta hanyar kwatanta tsawon minti da daƙiƙa.

A rana ta uku Malam ya karɓi wayar ya yi ta dubawa, sai ya ce har yanzu akwai waɗanda ba su shiga ba. Da muka bi sawu, ƙorafin nasa ya rabu gida biyu. Na farko su ne waɗanda aka aiko ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, masu tsarin Opus, da wasu kaɗan masu tsarin FLAC. iTunes tana karɓar MP3 da AAC da WAV da AIFF da Apple Lossless, amma waɗancan biyun ba ta shigar da su kundi, kuma idan aka jawo jaka gaba ɗaya tsallake su take yi ba tare da ta ce komai ba. Tun farko ba su shiga kundin ba, balle su isa waya. Na juya na Opus zuwa AAC, na FLAC kuma zuwa Apple Lossless, suka shige.

Gida na biyu ya fi jan hankalina, domin ya shafi rubutun Hausa kai tsaye. Waƙoƙin suna cikin wayar, amma ba a inda Malam ke nemansu ba. Fayil ɗin MP3 yana ɗauke da sunan waƙa da na mawaƙi a wani sashe da ake kira ID3. Tsarinsa na farko, na 1996, haruffa talatin kacal yake ba kowane suna, kuma bai tanadi haruffanmu masu lanƙwasa ba, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Tsari na biyu ya zo da damar rubutu da Unicode, wanda ke ɗauke da su duka, amma manhajoji da yawa na masu tura waƙa suna rubuta sunan ne da tsohon jerin haruffan Yammacin Turai, sai harafin ya zama alamar tambaya. Da zarar an ajiye shi a haka harafin ya tafi, babu saitin da zai dawo da shi sai an sake bugawa. Sakamakon haka mawaƙi guda mai suna da ya fara da Ɗan ya rabu huɗu a cikin wayar: ɗaya da Ɗ, ɗaya da D, ɗaya da waƙafin sama kafin D, ɗaya kuma da alamar tambaya, wanda wayar ta jefa can ƙarshen jeri tare da lambobi. Wasu kuma masu tura waƙar sun goge sunan mawaƙin sun sa sunan shagonsu, ta yadda mawaƙa biyar suka taru ƙarƙashin sunan da Malam bai taɓa ji ba. Na mayar da bayanan duk MP3 ɗin zuwa ID3 zubi na 2.3 da Unicode, wanda Windows da iTunes duk suke karantawa ba gardama, muka zaɓi rubutu guda ga kowane mawaƙi, da harafinsa mai lanƙwasa kamar yadda Malam ya nace, muka gyara su rukuni-rukuni. A ganina ya yi daidai da ya nace, domin mutumin da ya koyar da rubutun Hausa shekara da shekaru bai kamata ya ga an rubuta sunan mawaƙinsa da alamar tambaya ba.

Kafin su tafi na ba faifan waje harafin W, wanda filas ba zai kai gare shi ba, na kwafe jakar iTunes gaba ɗayanta a ciki, har da kundin, na nuna wa jikan yadda zai maimaita hakan duk lokacin da aka ƙara sabon kaset, da yadda ake riƙe maɓallin Shift yayin buɗe iTunes a zaɓi tsohon kundi idan an sake goge kwamfutar. Na kuma gargaɗe shi cewa tun 2024 akwai sababbin manhajojin Apple Music da Apple Devices na Windows, kuma idan ya sauke su aikin tura waƙa zai bar iTunes ya koma gare su, don haka kada ya yi hakan sai kwafin kariya na hannu. Turawar ƙarshe ta tafi daga farko har ƙarshe ba tare da ta tsaya ba.

Abin da bai kammala ba shi ne fayiloli goma sha ɗaya na kaset waɗanda tsawonsu ya yi daidai da na wasu har muka kasa tantance wane suna ne na wane. Na tara su a jeri guda na sa masa suna "Na Tantancewa", Malam kuma ya ce zai riƙa sauraronsu bayan sallar isha'i yana faɗa wa jikan sunayen. Makonni biyu bayan haka yaron ya aiko mini da saƙo cewa an gane tara, biyun da suka rage kuma Malam ya ce sai ya je Kaura Namoda ya sa wani tsohon abokinsa ya saurara.